Yadda na bi sawun tsutsar da ke cin ƙudan zumata, daga Daura zuwa ɗakin gwaje-gwaje

Na rubuta wannan bayani ne domin 'yan'uwana masu kiwon zuma a ƙasar Daura da sauran sassan Jihar Katsina, musamman waɗanda wata rana za su tarar da tsutsa a cikin jikin ƙudan zumarsu, su rasa inda za su kai ta da abin da za su tambaya idan sun je. Ni malamin makaranta ne, ina koyar da aikin gona a sakandare, kuma na gaji kiwon zuma daga mahaifina, wanda ya bar mana amya a kan itatuwan gawo da ɗorawa da tsamiya a gonarmu ta gado da ke hanyar Zango. Daga baya na ƙara da akwatunan zamani irin na Kenya masu sanduna a sama, waɗanda ake buɗewa a duba ba tare da an ƙone ƙudan ba. Abin da zan bayyana ya faro ne da bazara, bai kammala ba sai bayan an kai amfanin gona gida, ya ci kuɗi, ya ci lokaci, kuma a ƙarshensa ba a ba ni cikakken sunan ƙudan da ke kashe min zuma ba, sai danginsa da jinsin da ake kyautata zaton nasa ne. Duk wanda ya san matakan tun kafin ya fita daga gida zai rage wa kansa wahala mai yawa.

A cikin watan Afrilu, lokacin da zafi ya tsananta, na fara ganin ƙudajen zuma suna rarrafe a kan yashin da ke gaban akwatunan, ba sa iya tashi, fikafikansu a buɗe, wasu suna makyarkyata. Zatona na farko ya tafi kan feshin maganin ƙwari na masu noman rani, ko kuma ƙishirwa, domin duka biyun suna kawo irin wannan alama. Sai na ɗauki guda ɗaya da ke da sauran rai, na cire kansa da reza, na matsa ƙirjin a kan farar takarda. Naman ƙirjin, wanda a lafiyayyen ƙuda yake da haske da ƙarfi domin shi ke kaɗa fikafikai, ya koma ruwa-ruwa mai duhu, kuma daga cikinsa wata farar tsutsa ta fito tana motsi, ba ta da ƙafa ko ɗaya, gabanta mai tsini ne da wasu baƙaƙen ƙugiyoyi guda biyu da ake hangowa ta cikin fatarta. Rashin ƙafar nan shi ne abu na farko da ya kamata mai kiwo ya duba, domin tsutsotsin da muka saba gani a amya suna da ƙafafu: ta ƙaramin ƙwaron amya, wanda masana ke kira Aethina tumida kuma asalinsa na nan Afirka ne, tana da ƙafafu shida a gaba, ta asun da ke cin kaki kuwa tana da waɗannan shidan da ƙarin wasu gajeru a tsakiyar jiki, kuma dukansu a cikin saƙa suke ɓarna. Tsutsar da ba ta da ƙafa, wadda ke cikin jikin ƙudan zuma da kansa, ta wani ƙuda ce.

Na fara kai maganar wurin wani dattijo abokin mahaifina, wanda ya tsufa yana ɗaura amya. Ya juya takardar a hannunsa, ya ce, "Malam, mu da amyarmu ke saman itace ba ma ganin abin da ke faɗuwa ƙasa, tururuwa ke riga mu. Amma ka je da azahar ka zauna nesa kaɗan, ka kalli murfin akwatin, kada ka kalli ƙofar." Na ce, "To, Baba." Da na yi hakan sai na ga wasu ƙudaje masu ruwan toka, girmansu bai wuce na ƙudan gida ba, suna zaune a kan murfi cikin rana, duk sa'ad da ƙudan zuma ya fito kiwo sai ɗaya ya bi shi da gudu, ya taɓa shi a iska, ya dawo mazauninsa. A makon ne kuma wani tsohon ɗalibina ya nuna min bidiyo a waya, ya ce lallai wannan shi ne ƙudan da ke haukata zuma a Amurka. Abin da yake nufi shi ne Apocephalus borealis, wani ɗan ƙaramin ƙuda na Amurka ta Arewa, wanda Farfesa John Hafernik na wata jami'a a San Faransisko ya gano a jikin ƙudan zuma a 2008, aka wallafa binciken a 2012. Ƙudan zumar da ya kama yakan bar amya da dare ya nufi hasken fitila, tsutsotsin kuma su fito ta tsakanin kai da ƙirji bayan kamar mako guda. Nawa da rana tsaka suke faɗuwa, a bakin akwati, amma kafin in ankara maganar ta fara yawo a tsakanin masu kiwo cewa cutar Amurka ta shigo Daura, har wani ya ce zai ƙone amyarsa. Wannan ne ya sa na ƙudura cewa sai na samu magana a rubuce daga masu ilimin abin.

Ofishin gona na ƙaramar hukuma shi ne zangona na farko. Na tafi da kwalba mai matattun ƙudajen zuma da tsutsotsin, na zauna a benci tun hantsi har aka kira azahar kafin malamin gonar ya dawo daga zagaye. Ya karɓe ni da mutunci, ya saurare ni, sannan ya gaya min gaskiya cewa horonsa a kan hatsi da taki da ƙwarin gona ne, ba su da jami'in da ya karanci kiwon zuma, ba su kuma da madubin likita. Ba a karɓi ko kwabo a wurina ba. Abin da na samu mai amfani shi ne takardar gabatarwa mai hatimi, wadda ta bayyana sunana da wurin da gonar take da abin da na kawo, kuma wannan takarda ta buɗe min ƙofa a duk inda na je daga baya, saboda haka ina ba kowa shawarar ya nemi irinta, ya kuma yi mata kwafi da yawa. A hanyar fita na tsaya shagon maganin gona, mai shagon ya ce in fesa fiya-fiya a kan akwatunan, ƙudajen su mutu. Ina roƙon kowane mai kiwo kada ya karɓi wannan shawara daga bakin kowa, domin maganin da zai kashe ƙudan toka shi ne zai kashe na zuma, ya kuma gurɓata zumar da iyali za su sha.

Daga nan aka tura ni wani asibitin dabbobi a cikin Katsina. Layin masu awaki da kaji ne a gabana, ni kuma da kwalba a aljihu, sai da aka sallami kusan kowa aka kira ni. Likitan ya ɗora tsutsar a ƙarƙashin madubi, ya tabbatar min cewa ta ƙuda ce, ya ce irin wannan cuta ta shigar tsutsa cikin nama sun saba da ita a jikin shanu da raƙuma, amma a jikin ƙudan zuma bai taɓa cin karo da ita ba. Na biya ɗan kuɗin kati. Domin kada samfurin ya ruɓe, ma'aikacin ɗakin gwajin ya zuba masa fomalin, kamar yadda suke yi wa yankin naman dabbar da za a bincika. Da kyakkyawar niyya ya yi, amma fomalin yana lalata DNA, wato sinadarin gado da ake gane kowace halitta da shi, yana kuma ƙandarar da tsutsa, saboda haka wannan kwalba ta farko, wadda ta fi kowace yawan tsutsotsi, ta tashi daga aiki a gwajin da ya fi muhimmanci. Likitan ya rubuta a bayan takardata cewa a kai ni sashen nazarin halittu na jami'a, wurin masanin ƙwari.

A jami'ar ba a shiga wurin malami kai tsaye da samfuri. Sai da na rubuta takardar neman taimako zuwa ga shugaban sashe, na haɗa da takardar ofishin gona, na miƙa wa sakatare, aka ce in dawo. Lokacin jarrabawa ne, saboda haka na yi ta sintiri tsakanin Daura da Katsina, kowane zuwa da kuɗin motarsa da darasin da zan roƙi abokin aiki ya riƙe min, kuma a nan ne na fi jin gajiya da tunanin ko in haƙura. Ranar da na samu ganin malamar da aka miƙa wa takardata, tun kafin ta buɗe kwalbar ta yi min tambayoyi biyu. Ta ce, "Malam, ƙudajen da ka ciro tsutsotsin daga jikinsu, da ransu ka kama su ko a mace ka tsince su? Kuma a ƙirji ka same su ko a ciki?" Na ce, "Ranki ya daɗe, wasu da rai, wasu a mace, kuma duk a kwalba ɗaya suke." Ta ce to a nan matsalar take, domin ƙudan zumar da ya kwana a mace a ƙasa kowane ƙudan mushe na iya yi masa ƙwai, tsutsar da aka samu a jikinsa ba hujja ce cewa ita ta kashe shi ba.

Bayanin da Dakta ta yi min a wannan zama shi ne ginshiƙin duk abin da na fahimta. Ta ce masana suna jera halittu ne hawa-hawa, daga dangi zuwa jinsi zuwa nau'i, kuma ƙudajen da aka riga aka ba suna a duniya sun haura 150,000, amma kusan dukansu da siffar babban ƙuda mai fikafikai aka bayyana su: jijiyoyin fiffike, gashin ƙirji, tazarar idanu, da al'aurar namiji. Tsutsa ba ta da ko ɗaya daga cikin waɗannan. Abin da ake dubawa a jikinta shi ne ƙugiyoyin baki da ƙofofin numfashi biyu da ke bayanta, kuma tana sauya fata ta bi matakai uku, siffar waɗannan ƙofofin tana canzawa a kowane mataki, ga shi nau'o'i masu yawan gaske ba a taɓa bayyana tsutsarsu a rubuce ba. Sannan ta lissafa min waɗanda ake tuhuma. Akwai Senotainia tricuspis na dangin Sarcophagidae, sananne a ƙasashen Bahar Rum irin su Italiya da Sifaniya da arewacin Afirka, wanda macensa ba ƙwai take yi ba, tsutsa mai rai take ɗora wa ƙudan zuma a iska, ta shiga ta wuya ta ci naman ƙirji, ƙudan ya mutu cikin 'yan kwanaki, ita kuma ta shige ƙasa. Akwai dangin Conopidae, masu saka ƙwai a cikin cikin ƙudan zuma, tsutsarsu ta girma a nan, ta kuma yi ƙwanso, wato ɓawon da take kwanciya a ciki kafin ta zama babban ƙuda, a cikin gawar. Akwai Rondaniooestrus apivorus na dangin Tachinidae, wanda aka sani a Afirka kudu da Sahara. Sai kuma ƙananan ƙudaje masu doro na dangin Phoridae, dangin wancan na Amurka, waɗanda a cikinsu Megaselia scalaris ya bazu ko'ina a duniya, yawanci mushe da ruɓaɓɓen abu yake ci, amma an ba da rahotonsa a jikin ƙudan zuma a Kamaru. Da ta duba manyan tsutsotsina ta ga ƙofofin numfashin suna can cikin wani rami a bayan jiki, ta ce wannan alamar Sarcophagidae ce, amma ba za ta sa hannu a kan komai ba sai na kawo mata babban ƙuda.

Na tambaye ta ko sunan yana da wani amfani ga mai kiwo, tunda dai ƙuda ne ke ɓarnar. Ta ce sunan ne ke nuna inda za a kai hannu. Idan mai yin ƙwanso a ƙasa ne, to ƙasar gaban akwati za a yi wa aiki. Idan mai zama a cikin gawa ne, kwashe gawarwakin a ƙone shi ne magani. Idan kuwa mai cin mushe ne kawai, to shi ba mai laifi ba ne, wani abu dabam ke kashe zumar, ko guba, ko yunwa, ko ƙwaron Varroa mai manne wa ƙudan zuma kamar kaska, wanda aka riga aka tabbatar yana Nijeriya, kuma mai kiwon da ya tsaya farautar ƙuda zai bar ainihin cutar tana ci.

Saboda haka na koma gida na yi renon tsutsa, bisa tsarin da ta rubuta min. Na nemi kwalaben gilashi masu faɗin baki, na wanke, na zuba yashi mai kaurin yatsu uku wanda na soya a kasko domin kashe duk abin da ke cikinsa, na ɗan yayyafa masa ruwa. Da azahar nake kama ƙudajen zuma masu rarrafe tun suna da rai, in sa kaɗan a kowace kwalba, in rufe bakin da ƙyalle mai matsattsiyar saƙa ninki biyu, in ɗaure da roba. Gidan sauro ba ya isa, domin ƙananan ƙudajen nan masu doro suna ratsa shi su yi ƙwai a ciki su ɓata lissafi. Waɗanda na tsinta a mace kuwa kwalabensu dabam. Na jera su duka a kan tebur a zaure, ƙafafun teburin a cikin gwangwanayen ruwa saboda tururuwa, na rubuta rana da lambar akwati a kan kowace. Bayan ƙudajen sun mutu, manyan tsutsotsi masu tsawon da ya kusa santimita ɗaya suka fito suka nutse cikin yashi, da na tona a hankali na same su sun zama ƙwanso ja mai duhu kamar ƙwayar shinkafar da ba a sussuka ba. Daga kowane rukuni na ware wasu tsutsotsin gida biyu. Kashi ɗaya na tsoma a ruwan zafi da ya kusa tafasa na kamar rabin minti domin su miƙe kada su yi baƙi, sannan na sa a itanol, wato ruwan sifirit, mai ƙarfin kashi 70 cikin 100, wannan na duba siffa ne. Ɗaya kashin na jefa kai tsaye cikin itanol mai ƙarfin kashi 95, na gwajin DNA, na roƙi wani mai shago ya ajiye min a firij ɗinsa mai aiki da hasken rana. Itanol ɗin a shagon kayan ɗakin gwaje-gwaje na saya a Katsina, kuma takardar shaidar da ake sakawa cikin kwalba da fensir ake rubuta ta, domin tawadar biro tana narkewa.

Cikin mako na biyu manyan ƙudaje suka fara fitowa, kuma bambancin kwalaben ya bayyana a fili. Daga na masu rai ƙudaje masu ruwan toka ne suka fito, irin waɗanda Baba ya sa na gani a kan murfi. Daga na matattu kuwa an samu irin waɗannan ƙalilan, amma mafi yawa 'yan ƙanana ne da ba su wuce milimita biyu zuwa uku ba, masu doro, suna gudu suna tsayawa a jikin gilashi maimakon su tashi. Wasu ƙwansunan ba su fashe ba ko kaɗan, kuma Dakta ta ce kada in zubar, domin irin waɗannan ƙudaje kan kwanta a ƙasa har wata kakar. Ta duba ƙananan ta ce jinsin Megaselia ne, amma jinsi ne mai nau'o'i fiye da 1,500 da aka sani, ba a kuma rarrabe su sai an fiɗe namiji an ɗora a gilashin madubi, saboda haka a nan za ta tsaya, musamman da yake babu ko ɗaya da ya fito daga ƙudan da aka kama da rai. Masu ruwan tokar ta soke su da allurar ƙwari ta busar, ta ce sai an kwatanta su da tarin ƙwarin da masana suka riga suka sa wa suna. A arewacin ƙasar nan sanannen tari irin wannan yana Samaru ta Zariya, inda aka fara binciken aikin gona tun 1922, a wajen ƙasar kuma akwai ɗakin gwajin lafiyar ƙudan zuma na cibiyar nazarin ƙwari ta icipe da ke Nairobi.

Mataki na gaba shi ne na takardu da biyan kuɗi. Cibiyar da aka tura samfurina ta gwamnatin tarayya ce, saboda haka ba a karɓar kuɗi a hannu. A lokacin da na je, ana cike fom, a ciro lambar biya ta Remita, a biya a banki, a kawo rasit, sannan a ba samfurin lamba. Fom ɗin yana neman ranar da aka kama ƙwaron, da sunan gari da ƙaramar hukuma, da sunan wanda ya kama, da abin da aka same shi a jikinsa, kuma an yi murna da na kawo lambobin wurin da na ɗauka da waya. Kuɗin duba siffa bai yi yawa ba. Na DNA ne mai nauyi, domin a kan kowane samfuri ake biya, kuma bayan an ciro DNA ɗin a nan sai an aika wa wani kamfani ya karanta. Idan na haɗa da kuɗin mota da itanol da kwalabe, abin da na kashe ya kusa rabin kuɗin zumar da na sayar a kakar. Farashi yana canzawa, saboda haka a nemi a rubuta wa mutum kuɗin kowane mataki kafin ya amince. Wanda kuma yake tunanin aika ƙwaro ƙasar waje da kansa ya sani cewa sai da izinin hukumar killace kayan gona ta ƙasa, ga kuma ƙa'idojin yarjejeniyar Nagoya ta 2010 kan fitar da halittun wata ƙasa, don haka ya fi sauƙi a bi ta hannun jami'a. Daga nan sai jira, damina ta sauka, muka yi shuka, muka yi noma, ina bugun waya lokaci-lokaci ana cewa sakamako bai dawo ba.

Gwajin da aka yi shi ne wanda Paul Hebert na Jami'ar Guelph ta Kanada ya gabatar a 2003, inda ake karanta wani yanki na DNA mai suna COI, mai tsawon harufa 658, a kwatanta da waɗanda ke cikin manyan rumbunan bayanai irin su BOLD da GenBank. Na ɗauka wannan zai yanke magana, amma rumbu ba ya ba da sunan abin da ba a taɓa zuba masa ba, kuma ƙudajen Afirka ta Yamma kaɗan ne aka karanta aka saka. Galibi ana so kamanni ya kai kashi 97 ko 98 cikin 100 kafin a ce nau'i ɗaya ne. Samfurin fomalin bai ba da komai ba. Na itanol ya karantu sarai, ya tabbatar da cewa tsutsar ƙirji da ƙudan toka abu ɗaya ne, ya kuma ajiye su kusa da jinsin Senotainia, amma kamannin bai kai wannan mataki da kowane nau'i da ke rumbun ba. Masanin da ya duba siffa shi ma ya tsaya a wuri ɗaya, domin ƙudajen da suka fito min da kyau mata ne, 'yan mazan kuma sun lalace a hanya, alhali a wannan dangi al'aurar namiji ce ke raba nau'i da nau'i. Takardar da aka ba ni ta ce dangin Sarcophagidae, sannan "Senotainia cf. tricuspis", ƙananan kuma "Megaselia sp.". An bayyana min cewa alama ta farko tana nufin ya yi kama da wannan nau'i amma ba a tabbatar ba, ta biyu kuma an san jinsi ba a kai ga nau'i ba.

Da na karɓi takardar raina bai yi daɗi ba, domin na so in koma wa masu kiwo da suna guda ɗaya. Amma da na natsu sai na ga masanan sun yi min adalci, kuma ina ganin wanda ya duba hoton tsutsa a waya ya faɗi sunanta nan take ya fi cutar da mai kiwo fiye da wanda ya ce a jira babban ƙuda. Jinsin Senotainia yana da nau'o'i a Afirka, kuma yawancin 'yan wannan rukuni a ramukan zanzaro da rina masu haƙa ƙasa suke renon tsutsarsu, saboda haka ɗora wa ƙudan Daura sunan na Bahar Rum ba tare da namiji a hannu ba zai iya shigar da kuskure cikin littattafai, wasu su yi ta kwafa. Ko a hakan ma takardar ta warware abubuwan da nake buƙata: ba ƙudan Amurka ba ne, ba wanda zai ƙone amyarsa, ƙananan masu doro baƙi ne da suka zo cin gawa, kuma mai ɓarnar a ƙasa yake yin ƙwanso. Da wannan na mayar da akwatunan ƙarƙashin inuwar bedi, tunda ƙudan tokar rana yake so, nake kwashe masu rarrafe da matattu kowace yamma ina ƙonewa, nake kuma kafce ƙasar gaban akwati domin ƙwansunan su fito fili rana da kaji su gama da su. A kan murfi na ɗora fararen faranti masu ruwa, dabarar da masu kiwo a ƙasashen Bahar Rum ke amfani da ita domin farin abu yana jan ƙudan, sai dai dole a tanadar wa zuma wurin shan ruwa dabam kada ita ma ta faɗa.

Ga wanda zai bi wannan hanya, abin da ya fi komai muhimmanci yana faruwa ne a gona kafin a je kowane ofis. A raba masu rai da matattu tun daga farko, a rubuta ko a ƙirji aka samu tsutsar ko a ciki, a raba samfuri gida uku, na siffa da na DNA da na reno, kuma kada a miƙa wa ofis ɗaya duka abin da aka tara, a bar wani a gida. Kada a yarda a zuba fomalin ko kananzir ko turare. A nemi takardar gabatarwa, sannan a nufi masanin ƙwari kai tsaye, domin ofishin gona da asibitin dabbobi, duk da kirkinsu, ba aikinsu ba ne. A guji lokacin jarrabawa idan jami'a za a je. Idan masu kiwo da yawa suka haɗa kuɗi ta hannun ƙungiyarsu, nauyin gwajin DNA zai yi sauƙi, samfurin kuma zai fito daga garuruwa dabam-dabam, wanda hakan ya fi amfani ga masana. Busassun ƙudaje kuma a cikin ƙaramin akwati mai auduga ake ɗaukar su, a riƙe a cinya, kada a sa a but ɗin mota.

Ƙudajen da aka soke da allura suna nan a tarin sashen da lambarsu, an kuma ce za a saka abin da aka karanta na DNA a rumbu domin wanda ya zo daga baya ya samu abin kwatantawa. Abin da ya rage shi ne maza masu kyau. Dakta ta ba ni aron ragar kama ƙwari, ta ce da zarar zafi ya dawo in riƙa kamawa a kan murfi da kuma furannin da ke kusa, in kuma ci gaba da duba kwalaben da ƙwansunansu ba su fashe ba. Masu kiwo na Mai'adua da Baure da Sandamu da Mashi waɗanda suka ga zumarsu tana rarrafe da rana a bazara mai zuwa, ina roƙonsu su kama da rai, su rubuta rana da gari da fensir, su kai sashen nazarin halittu na jami'ar da ta fi kusa da su.